Jirgin Sama Na Koyo: Wanne Za Mu Saya Wa Matasanmu?

'Yan'uwa manoma, cikin zagayen da muke yi na ƙungiyoyi, matasa sun sha tambayarmu game da ƙananan jiragen sama da ake tuƙawa daga ƙasa da akwatin rediyo. Da fari mun ɗauka wasan yara ne. Amma tun 2016 kamfanin Zipline yake kai jini asibitocin karkara a Ruwanda da jirage marasa matuƙi. Ya shiga Gana a 2019, ya iso Jihar Kaduna a 2022. Akwai kuma waɗanda ake auna gona da su, ana yin feshi. Yaron da ya iya ƙaramin ya kama hanyar sana'a. Sai dai kuɗin ƙungiya gumin manomi ne, bai kamata a zubar ba.

Abu na fari da za ku sani shi ne, jirgin koyo sai ya faɗi. Ba makawa. Mun ga wasu matasa da suka haɗa kuɗi suka sayi mai kama da jirgin yaƙi, don ya fi kyan gani. Tashinsa na fari ya zama na ƙarshe, tun kafin mu rufe baki ya bugi ƙasa. Ba a koya wa yaro huɗa da bijimi mai zafin kai.

To, ga irin wanda ya dace. Ku nemi wanda fikafikansa suke bisa jiki, ba ƙarƙashi ba, sun kuma ɗan ɗaga sama a ƙarshe. Irin wannan, in ya karkata aka saki sandar tuƙi, yakan nemi daidaita kansa. Faɗin fikafikan ya kai mita 1 zuwa 1.5. Ƙanƙanin jirgi ya fi araha, amma iska tana wasa da shi kamar kara, kuma nan da nan yakan ɓace wa ido. Jikinsa ya zama na soso mai tauri, dangin wanda ake kunshe rediyo da shi cikin kwali, gama in ya karye gam yana gyara shi. In farfela tana bayan fiffike, to, madalla: ko ya sauka da hanci, inji ya tsira. EasyStar na kamfanin Multiplex a Jamus haka aka ƙera shi. Ku zaɓi mai batir, ku bar mai shan mai. Kada ku biya kuɗi sai kun tabbata akwai akwatin tuƙi, batir da abin caji a ciki, kun kuma ƙara da farfela biyu ko uku na ajiya.

Batirin fa, a yi hankali da shi. Caji ɗaya yakan ba da tashin minti 10 zuwa 15. Yana iya kama wuta in ya huje ko ya yi zafi. Kada a bar shi a rana, kada a yi cajinsa kusa da rumbu ko a ɗakin ciyawa, kada a tafi a bar shi. Wanda ya kumbura, a daina amfani da shi.

Ranar gwaji, ku fita da sassafe kafin iska ta taso, a fili mai faɗi bayan girbi, nesa da mutane, dabbobi da wayar lantarki. A tashi ana fuskantar iska, a sauka haka. Abin da ya fi rikita sabon hannu shi ne, in jirgin ya juyo yana nufo ka, damarsa ta zama hagunka. Akwai shirin koyon tuƙi a kwamfuta da waya, a fara da shi.

Saura maganar hukuma. A Nijeriya, tun 2016 Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama ta sanar cewa ba a tashin jirgi mara matuƙi sai da izini. Shugaban ƙungiya ya bincika wannan tukuna, ya kuma shaida wa mai unguwa da jami'an tsaro na kusa, domin a irin wannan lokaci abin da ke yawo bisa kan mutane yana tada hankali.