Matsalar Ma'ana Wajen Bayyana Mutuwar Jarirai: Nazari Daga Lafiya

1.0 Gabatarwa

Mata masu juna biyu a Nijeriya sun daɗe suna karɓar allurar rigakafin cutar tetanus. Tabbatar da amincin kowace irin allura ya dogara ne a kan ƙidayar abin da ya sami jarirai bayan haihuwa. Wannan maƙala za ta nuna cewa ƙidayar ba za ta inganta ba sai an daidaita kalmomin da ake amfani da su.

2.0 Ma'anar Masana

A shekarar 2016, masanan ƙungiyar Brighton suka wallafa ma'ana guda: mutuwar jariri ita ce rasuwar wanda aka haifa da rai, cikin kwanaki 28 na farkon rayuwarsa. A wurin Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa, numfashi ko bugun zuciya ko harbin cibiya ko motsin gaɓa duk alamun rai ne. Binciken ƙasa na shekarar 2018 ya nuna cewa jarirai 39 cikin kowane 1,000 ne suke rasuwa a wannan tsakanin.

3.0 Ma'anar Hausawa

A Lafiya, babban birnin Jihar Nasarawa tun 1996, da Hausa ma'aikacin asibiti yakan zanta da Alago da Egon da Gwandara. Sai dai kalmomin suna da rikitarwa. Idan uwa ta ce jariri "ya koma", ba ta fayyace ko ya yi sa'a ɗaya ko wata biyu ba. Haka kuma "ɓari" yakan haɗe zubewar ciki da bakwainin da ya numfasa kaɗan ya cika. Bugu da ƙari, jama'a sukan ɗauki kuka a matsayin shaidar rai, kamar yadda fiƙihun Malikiyya ya tanada game da sallar jana'iza da gado. Saboda haka, jaririn da ya motsa bai yi kuka ba ana iya cewa bai zo da rai ba.

Lissafin kwanaki ma ya bambanta. Bahaushe da suna da arba'in yake auna jego, alhali kwanaki 28 sun gaza arba'in da kwana 12.

4.0 Kammalawa

Idan aka sanya mamaci a rukunin da ba nasa ba, za a iya ɗora wa allura laifin da ba ta yi ba, ko kuma illa ta gaskiya ta ɓuya. Mafita ita ce a riƙa yi wa uwa tambayoyi dalla-dalla: Ya numfasa? Ya motsa? An yi suna? Kwana nawa bayan suna ya rasu?