LAYIN DA KE GEFEN JIRGIN APAPA, DA KWALE-KWALEN DA BA SHI DA SHI

Duk ɗan Arewa da ya taɓa yin dako ko gadi a kwatar Apapa ya ga wannan abu, ko da bai kula ba. A tsakiyar gefen kowane babban jirgin ruwa akwai wani zane na fenti: da'ira ce aka ratsa ta da layi a kwance, kusa da ita kuma ga wasu gajerun layuka kamar haƙoran matsefi. A goshin jirgin da ƙarshensa kuwa lambobi ne a jere daga ƙasa zuwa sama. Wannan zane shi ne iyakar lodi. In ruwa ya haura shi, doka ta hana jirgin tashi, kome girman mai shi.

Abuja ba ta da teku, sai tafkin Jabi da madatsar Usuma da kogin Gurara, amma a can ne Gwamnatin Tarayya ta kafa ma'aikatar harkokin teku da arzikin ruwa a shekarar 2023. A ƙarƙashinta hukumar NIWA take, mai kula da hanyoyin ruwa na cikin ƙasa, wadda aka kafa a 1997 da hedkwatarta a Lakwaja. Abin da ya sa maganar ta shafi mazauna Ikko da Badun da Fatakwal shi ne, waɗanda ke cikin jiragen da ke kifewa a kogin Kwara iyayensu ne da ƙannensu, wani lokaci ma su da kansu in sun je gida Salla.

A watan Mayu na 2021 wani jirgin katako ɗauke da mutum fiye da 150 ya rabe a kusa da Warra ta Jihar Kebbi. A ƙarshen Nuwamba na wannan shekara aƙalla mutum 29 suka rasu a madatsar Watari ta Bagwai a Jihar Kano, akasarinsu 'yan makarantar Islamiyya masu zuwa Maulidi. A Yunin 2023 fiye da mutum 100 suka halaka a yankin Patigi suna dawowa daga biki da dare. A Oktoban 2024 kuma wani jirgi mai ɗauke da kimanin mutum 300 ya kife a yankin Mokwa. Allah Ya jiƙansu. A kowanne an ce lodi ya yi yawa. To, amma yaya ake sanin ya yi yawa tun ana bakin gaɓa?

Magina jiragen ruwa suna da amsa, kuma tsohuwa ce. Wani masani na ƙasar Girka, Arkimidis, ya gano ta fiye da shekara 2,200 da suka wuce: duk abin da ke yawo a kan ruwa, nauyin ruwan da ya ture daidai yake da nauyinsa. Jirgi mai nauyin tan 10 sai ya nutsa har ya ture ruwa tan 10 sa'an nan ya tsaya. Daga nan aka sami awo biyu. Na farko zurfin nitso, watau daga fuskar ruwa zuwa ƙasan jirgi. Shi lambobin goshi ke nunawa, shi kuma ke gaya wa matuƙi ko zai ci karo da rairayi ko kututture. Na biyu rarar gefe, watau daga fuskar ruwa zuwa leɓen jirgi. Abin da ɗaya ya ci, ɗayan ne ya rasa.

Alal misali, a ɗauki kwale-kwale mai tsawon mita 15 da faɗin mita 2. Da yake goshinsa da ƙarshensa a tsuke suke, filin da ya mamaye a fuskar ruwa kamar murabba'in mita 25 ne. Irin wannan jirgi duk kilo 250 da aka ɗora masa zai nutsa da santimita ɗaya. Buhun masara 50 masu kilo ɗari-ɗari, ko manyan mutane wajen 80, za su saukar da shi santimita 20, watau taƙi guda. Sai a ƙara babura da tumaki da buhunan gishiri. Jirgin da ya bar gaɓa da rarar yatsu huɗu lafiya lau yake tafiya muddin ruwa na kwance. Iska ta taso, ko wani jirgi mai inji ya gifta ya turo igiyar ruwa, shi ke nan.

Sai dai nauyi rabin magana ne, sauran rabin ita ce inda aka ajiye shi. Kowane jirgi yana da cibiyar nauyi, wurin da za a ce dukan nauyinsa da na kayansa ya taru yana dannawa ƙasa. Akwai kuma cibiyar ɗagawa, a tsakiyar sashen da ke cikin ruwa, inda ruwa ke tunkuɗo shi sama. Idan jirgi ya karkata dama, gefen dama ya ƙara shiga ruwa, cibiyar ɗagawa ta matsa can ta maido shi daidai. Wannan kokawa ake yi dare da rana a ƙarƙashin ƙafar fasinja ba tare da ya sani ba. Amma in an tula buhuna har sun wuce leɓe, aka kafa babura a kansu, mutane kuma suka hau can bisa suka zauna, cibiyar nauyi ta haye sama. Daga nan ƙaramar karkata ta ishe ta rinjaya, maimakon jirgi ya dawo sai ya ci gaba da juyawa. Shi ya sa tsofaffin 'yan fito ke tsawa wa wanda ya miƙe tsaye, ba don rashin kunya ba. Shi ya sa kuma jirgi mai faɗi ya fi siriri wuyar kifewa nesa ba kusa ba. Manyan jirage ma ba su tsira ba: a Satumban 2002 jirgin Joola na ƙasar Sanigal, wanda aka gina don mutum ƙasa da 600, ya kife da mutane birjik a benensa na sama, fiye da 1,800 suka rasu.

Akwai wani abokin gaba da ba a cika lura da shi ba, shi ne ruwan da ya tsiyayo ya kwanta a cikin jirgi. Kaya in an ɗaure su suna nan inda suke. Ruwa kuwa duk inda jirgi ya karkata nan yake gudu ya taru, ya ƙara danne gefen da ya riga ya yi ƙasa. Yaron da ke zaune da ƙwarya yana kwalfewa, aikinsa bai gaza na matuƙi ba.

Layin na Apapa sunan wani ɗan majalisar Ingila yake ɗauke da shi, Samuel Plimsoll. A zamaninsa masu jirage kan cika tsofaffin jirage da kaya su yi musu inshora, in sun nutse da ma'aikata su karɓi kuɗi. Ya yi ta fama har aka yi doka a 1876. Abin dariya, da fari mai jirgi aka bar wa zaɓin inda zai zana layin, sai a 1890 hukuma ta karɓe wannan iko. Ƙasashen duniya suka ƙulla yarjejeniya a kansa a 1930, suka sabunta a 1966. Haƙoran matsefin nan kuwa dalilinsu shi ne ruwa ba ɗaya ba ne: lita 1,000 ta ruwan teku kilo 1,025 ce, ta ruwan daɗi kilo 1,000, saboda haka jirgi ya fi nutsewa a kogi. Kowane irin ruwa da kowane yanayi da layinsa.

Hukuma ta hana tafiyar dare, ta kuma wajabta rigar ruwa, a 2025 ma'aikatar ta raba riguna ga jihohin da ke bakin kogi. Madalla. Sai dai riga tana aiki ne bayan jirgi ya kife, layi kuwa tun kafin a kwance igiya. A mashigan Yawuri da Mokwa da Patigi da wuya a ga kwale-kwalen katako mai irin wannan alama, lissafin lodi yana cikin kan matuƙi, wanda kuɗin mai ya matse shi, ga kuma fasinjojin ranar kasuwa da ba mai son a bar shi a gaɓa. Gaskiya a faɗe ta, fasinja ma yana da nasa laifin.

Aikin ba mai wuya ba ne. Jami'in hukuma da Sarkin Ruwa da shugabannin 'yan fito su tsaya a gaɓa, a ɗora wa jirgi buhunan yashi har inda rarar gefe ta kai abin da masana suka yarda da shi, a ja jan fenti a gefe biyu, a rubuta yawan mutane a goshi da manyan lambobi yadda tsohuwa da yaro za su gani. Kada a bar wa mai jirgi buroshin, Ingila ta gwada haka shekara 14. Kuma a riƙa sāke awon duk shekara kafin damina, domin katako yana shan ruwa, jirgin bana ya fi na bara nauyi tun ba a sa masa kome ba.