Zaman Doha kai kaɗai: Abin da ya kamata ka duba kafin ka kama gidan haya

Daga Kano, Sakkwato, Maraɗi da Yamai, matasa da dama na tafiya Katar domin karatu ko aikin kwantiragi na shekara ɗaya zuwa uku. Galibinsu ba sa tafiya da iyali, kuma matsalar farko da ke tarbar wanda kamfani ko makaranta ba ta ba shi masauki ba ita ce inda zai zauna.

A Doha, kuskuren zaɓen gida yana da wuyar gyara, domin yarjejeniyar haya kan ɗaure mutum tsawon shekara guda. Saboda haka abu biyu ne suka fi kyan ɗaki muhimmanci: hanyar da za ka riƙa bi kullum, da takardar da za ka sanya wa hannu.

Fara da hanya

Doha birni ne mai tsananin zafi. A watannin Yuli da Agusta zafin kan wuce digiri 40, ga kuma gumi mai nauyi da ke tasowa daga teku. Hukumomi ma sun haramta aiki a cikin rana daga ƙarfe 10 na safe zuwa 3:30 na yamma, tun daga 1 ga Yuni har 15 ga Satumba. Tafiyar minti ashirin a ƙafa da mutum zai raina a watan Janairu kan zama azaba a watan Agusta.

Wannan ne ya sa jirgin ƙasa na cikin birni, wanda aka buɗe a 2019, ya zama ma'aunin farko ga wanda ba shi da mota. Yana da layuka uku da tashoshi 37, kuma dukkan layukan suna haɗuwa a Msheireb. Jan layi ya taso daga Lusail a arewa zuwa Al Wakra a kudu, ya ratsa ta Jami'ar Katar da Dafna, da reshe zuwa filin jirgin sama na Hamad. Koren layi ya bi ta asibitin Hamad da Birnin Ilimi, inda Jami'ar Hamad bin Khalifa take. Layin zinariya kuwa ya ratsa kasuwar Souq Waqif da Bin Mahmoud da Al Sadd. Kuɗin tafiya ɗaya riyal 2 ne, akwai kuma motocin Metrolink da ke kai fasinjojin jirgin tasha kyauta daga cikin unguwanni.

Dabarar ita ce ka gano layin da wurin aikinka ko makarantarka take, sannan ka nemi gida a kan wannan layi.

Kowace unguwa da halinta

Dafna, tsibirin Pearl, Lusail da Msheireb su ne unguwannin dogayen benaye na zamani, kuma hayarsu kan ninka ta tsoffin unguwanni. A Dafna da Pearl, sanyin ɗaki a gine-gine da dama yana zuwa ne daga kamfanin Qatar Cool, wanda kuɗinsa daban yake idan ba a haɗa shi cikin haya ba.

Al Sadd da Bin Mahmoud suna tsaka-tsaki, kusa da asibitin Hamad, shi ya sa ma'aikatan lafiya ke son su. Najma, Al Mansoura, Umm Ghuwailina da Matar Qadeem sun fi sauƙin kuɗi. Akwai cunkoso da ƙarancin wurin ajiye mota, amma akwai kantuna da gidajen abinci masu araha da masallatai a kusa. Ga mai zama shi kaɗai wannan ba ƙaramin abu ba ne: unguwar da za ka sauko ka yi sallah cikin jam'i, ka gaisa da mai shayi, tana rage kewar gida fiye da bene mai hawa talatin da ba ka san maƙwabcinka ba.

Araha ba ta ado

A shafukan sada zumunta ana yawan tallata ɗakuna masu arha a manyan gidajen da aka yayyanka da katako ko allon siminti. Raba gida haka ba tare da izinin hukuma ba laifi ne, kuma idan jami'ai suka zo, mai haya ne ke kwana a waje. Haka kuma wata doka ta 2010 ta hana tara ma'aikata masu yawa a gida ɗaya cikin unguwannin iyalai, don haka wasu masu gidaje ba sa bai wa gwauro haya. Zaman namiji da mace da ba muharraman juna ba a gida ɗaya shi ma ya saɓa wa doka.

Irin waɗannan ɗakuna suna da wata illa. Tun 2020 wajibi ne kowane mazaunin ƙasar ya yi rajistar adireshinsa, abin da ake iya yi ta manhajar Metrash. Gidan da ba shi da takarda sahihiya kan jefa mutum cikin ruɗani a nan.

Takardar da ke ɗaure ka

Doka mai lamba 4 ta 2008 ce ke tsara haya a Katar. Ta tanadi a rubuta yarjejeniya a kuma yi mata rajista a hukumar birni, kuma akwai kwamitin sasanta rikicin haya. Wanda ya kama ɗaki da baki kawai zai sha wuyar kare haƙƙinsa a gaban kwamitin.

A al'ada, mai gida kan nemi katin zama a ƙasa, kuɗin ajiya na wata ɗaya, da ceki 12 masu ɗauke da kwanan watannin da ke tafe. A nan haɗarin yake: ba da cekin da babu kuɗinsa a asusu laifi ne da ke iya kai mutum kotu, har a hana shi barin ƙasar. Idan kwantiragin aikinka ya katse a wata na biyar, sauran cekin suna hannun mai gida. Don haka ka nemi a rubuta sharaɗin fita kafin wa'adi, da abin da za ka biya idan ka fita.

Ka kuma tambaya ko kuɗin wuta da ruwa na hukumar Kahramaa da na intanet suna cikin haya, ko akwai kayan ɗaki, da kuma nawa ne la'adar dillali.

Gani ya kori ji

Kada ka tura wa kowa kuɗi tun kana gida saboda hoton da ka gani. Ka fara da masaukin wata ɗaya, wanda ake samu a otal-otal masu ɗakunan haya, kafin katin zamanka ya fito. A cikin watan ka ziyarci unguwar da ka zaɓa da rana da kuma dare, ka taka daga ƙofar gidan zuwa tasha kana duba agogo, ka kunna na'urar sanyaya ɗaki ka ji aikinta, ka tambayi mazauna ginin yadda mai gidan ke amsa kiran gyara.

Kuɗin wannan wata zai fi na haya tsada, amma bai kai asarar watanni goma sha ɗaya a gidan da ba za ka iya bari ba.