Karatun damina a Jamus: abin da ɗalibin Damagaram zai lissafa kafin ya ɗaura niyya

Daga tsakiyar watan Yuli jami'o'in Jamus ke shiga babban hutu, amma da yawansu ba sa rufe ƙofa gaba ɗaya. Suna buɗe wani gajeren karatu na mako uku ko huɗu domin ɗalibai baƙi, akasari na koyon Jamusanci da sanin ƙasar. Jami'ar Heidelberg, wadda aka kafa a 1386, tana yin nata a watan Agusta. Akwai irinsa a Berlin da Hamburg da Leipzig, haka ma a Biyana ta ƙasar Ostiriya da Zurich ta Suwizalan, inda su ma Jamusanci ake yi. Tambayar ita ce ko ɗan Tirmini da ke shekara ta biyu ta lisansi a Jami'ar André Salifou ta Damagaram zai iya samun gurbi a nan, kuma nawa abin zai ci.

Akwai ruɗani guda da ya kamata a fara kawarwa. An sha jin cewa karatu kyauta ne a Jamus, kuma akwai gaskiya a ciki: mafi yawan jami'o'in gwamnati ba sa karɓar kuɗin makaranta ga mai cikakken karatun digiri, in ban da wurare irin jihar Baden-Württemberg, wadda tun 2017 take karɓar Yuro 1,500 kowane zango daga ɗaliban da ba na Tarayyar Turai ba. Karatun hutu bai shiga wannan rangwame ba. Biya ake yi, kuma ɗaki da abinci da jirgi duk suna wuyan ɗalibi. Da yake Yuro ɗaya sefa 655.957 ne ba ya motsi, lissafin ba shi da wuya, sai dai ba shi da daɗin ji ga gidan da ke rayuwa da hatsi da wake.

Shi ya sa hanyar da ta fi dacewa da ɗan talaka ita ce ta tallafin karatu. Hukumar musayar ɗalibai ta Jamus, DAAD, wadda aka kafa a 1925 kuma hedikwatarta ke Bon, tana da tallafi na musamman domin waɗannan darussa. A sanarwarta ta shekarun baya-bayan nan, karatun da take ɗaukar nauyi yana faɗowa tsakanin Yuni da Nuwamba, ba ya gaza kwana 18 na aji, kuma ana yin aƙalla awa 25 a mako. Kuɗin da take bayarwa Yuro 1,134 ne, wato kimanin jika 744, da ƙarin kuɗin tafiya gwargwadon ƙasar da mutum ya fito, da inshorar lafiya. Daga cikin kuɗin ne ake cire na aji da na ɗaki, saboda haka abin da ke shiga aljihu bai kai yadda ake zato ba. Ana so ɗalibi ya kammala shekara biyu a jami'a kafin ya tashi, kuma ya koma ya ci gaba da karatunsa bayan ya dawo. Ana rufe karɓar takardu a farkon Disamba na shekarar da ta gabata. Kowace shekara hukumar na fitar da jerin ƙasashen da za su iya nema a shafinta na intanet, kuma nan ne wurin dubawa na farko.

Babban shingen shi ne harshe. Turawa sun kasa ƙwarewar harshe mataki shida, daga A1 zuwa C2, kuma wannan tallafi yana neman B1, wato matakin da mutum zai iya bin hira ta yau da kullum, ya rubuta wasiƙa, ya faɗi ra'ayinsa. Cibiyar Goethe, mai yaɗa Jamusanci a duniya, ta ƙiyasta cewa kai wa nan yana cin darasi 350 zuwa 650 na minti 45 kowanne. Ke nan wanda ya fara yau da gaske, sai ya ba abin shekara guda ko fiye. Cibiyar ba ta da reshe a Damagaram. Tana da rassa a Wagadugu da Lome da Abijan da Legas. Abin da ke sauƙaƙa wa mai wayar hannu shi ne darussan Jamusanci na kyauta da tashar DW ke sakawa a intanet, tashar da masu sauraro suka sani da sashenta na Hausa tun 1963. Wanda ya yi lakkol da Faransanci yana da ɗan jari, don ya saba da rarrabe suna namiji da mace da jujjuya aikatau. Jamusanci ya ƙara jinsi na uku a kai, sannan yana yawan jefa aikatau can ƙarshen jimla, sai mai sauraro ya yi haƙuri kafin ya san abin da aka aikata.

Sai biza. Zaman da bai wuce kwana 90 ba yana ƙarƙashin bizar Shengen, kuma ita ce ta mai karatun hutu. Kuɗinta Yuro 90 ne tun Yunin 2024, kusan jika 59, amma dokar Tarayyar Turai ta yafe shi ga ɗalibin da karatu ya kai shi. Ana bukatar fasfo mai sauran aƙalla wata uku bayan ranar dawowa, da takardar karɓa daga jami'ar can, da shaidar masauki da abin kashewa, da inshorar da za ta iya ɗaukar jinya har ta Yuro 30,000. Wannan adadi yana firgita iyaye, alhali kuwa shi ne iyakar abin da kamfanin inshora zai biya idan ciwo ya faɗo. Abin da ɗalibi ke biya ƙanƙani ne a kansa. Haka kuma asusun nan da ake toshewa, na Yuro 11,904 a shekara tun Satumban 2024 (sefa miliyan 7.8 ke nan), na masu dogon karatu ne, bai shafi mai wata guda ba.

Inda abin ya yi tsauri shi ne wurin ajiye takardar. Ƴan Nijar da dama sun saba neman bizar Turai ta ofishin jakadancin Faransa a Yamai, wanda aka rufe a Janairun 2024. Dole ɗalibi ya tambayi ofishin jakadancin Jamus tun da wuri wane ofishi ne ke karɓar irin takardarsa, domin amsar na iya ƙara masa wata tafiya a kan kilomita kusan 900 da ke tsakanin Damagaram da Yamai. Doka ta yarda a ajiye takarda tun saura wata shida, kuma mai hankali ba ya jiran Yuni. Ma'aikacin biza yana auna abu guda fiye da komai: shin wannan saurayi zai dawo? Takardar rajistar shekara mai zuwa a jami'ar gida ta fi kowace rantsuwa nauyi a wurinsa. Tun 1 ga Yulin 2025 Jamus ta soke hanyar da a da ake rubuta wa ofishin jakadanci ƙorafi a sake duba takardar da aka ƙi. Yanzu sai dai sabon nema ko kotu a Berlin. Bizar kuma ba ta aiki ba ce. Wanda ya wuce wa'adinta ya ɓata sunansa a ƙasashen Shengen duka, ya kuma ƙara wa na bayansa wahala.

Damagaram ba baƙuwar wannan hanya ba ce. Heinrich Barth, Bajamushen da ya yi yawo a ƙasar Hausa da sunan Abdulkarim, ya sauka Zinder a ƙarshen Disamban 1852, ya yi kusan wata guda kafin ya kama hanyar Katsina da Sakkwato da Tumbutu. Cikin yaransa akwai Dorugu, ɗan Dambanas ta wajen Kance, wanda aka kama yana ƙarami aka sayar da shi har Kukawa, kafin abokin tafiyar Barth, Adolf Overweg, ya ƴanta shi. A 1855 Barth ya tafi da shi Turai tare da ɗan'uwansa a tafiya, Abbega, har Hamburg, garin su Barth. Daga baya a Ingila Dorugu ya zauna da J. F. Schön, ya ba shi labarin rayuwarsa da tatsuniyoyi, waɗanda suka shiga littafin Magana Hausa na 1885. Ya dawo Afirka, ya ƙare rayuwarsa a Kano a 1912. Ya ga birnin Jamusawa shekara 44 kafin sojojin Faransa su karya rundunar Sarki Amadu Kuran Daga a Tirmini a Yulin 1899. Bai je a matsayin ɗalibi ba, hasali ma shi aka yi karatu a bakinsa. Har yau ana koyar da Hausa a jami'o'in Hamburg da Leipzig da Biyana, kuma ɗan Tirmini da ya leƙa sashen nazarin Afirka a can zai iya tarar da Bature mai neman wanda zai gyara masa karin harshe.

Rayuwar wata gudan tana da nata abin mamaki. A Hamburg a ƙarshen Yuni rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe goma na dare, ta sake fitowa kafin biyar, don haka tsakanin isha'i da asuba ɗan lokaci ne. Gara mutum ya bi jadawalin masallacin unguwa, waɗanda yawancinsu Turkawa ke riƙe da su. A kantunan Turkawan ne kuma ake samun naman halal, tunda alade ya yi yawa a abincin Jamusawa. Kantuna a rufe suke ranar Lahadi. Akwai tikitin wata da ke ba da damar hawa bas da taragon cikin gari da jiragen ƙasa na kusa a duk faɗin ƙasar, Yuro 58 a 2025, kimanin jika 38, amma rajista ce mai sabunta kanta: wanda bai soke ta kafin 10 ga wata ba, za a cire masa na watan gaba ko da ya riga ya dawo Tirmini.

Me ake dawowa da shi? Takardar shaida, da ƴan maki na tsarin Turai da ake kira ECTS. Jami'o'in Nijar suna bin tsarin LMD mai kama da shi, amma karɓar makin yana hannun shugaban sashe, saboda haka a tambaya kafin tafiya, a samu amsa a rubuce. Wata guda ba ya mayar da mutum gwanin Jamusanci. Amfaninsa na gaske yana ga mai shirin neman mastar a can, wanda zai dawo da sanin wani malami da shaidar cewa ya taɓa zuwa ya dawo kan lokaci.

Akwai kuma kuɗin da ba ya cikin takardar kowace hukuma. Bazarar Turai ita ce daminar Damagaram, kuma Yuli da Agusta ne lokacin noman farko da maimai, lokacin da rumbu ya yi ƙasa kuma hatsi ya yi tsada. Ɗalibin da ya saba dawowa gida hutu ya ɗauki hauya, rashinsa na nufin ɗaukar ɗan ƙwadago ko barin wani gefen gona. Tunda a Disamba ake rufe neman tallafin, shawarar tana faɗowa ne bayan girbi, lokacin da maigida ya ga abin da ya shiga rumbu kuma zai iya cewa ko gidan zai jure rashin hannu ɗaya a damina mai zuwa.