MUSHE NA LISSAFI: YA ZAMNA KO YA TAFI?

Cikin watan Oktoba ake buɗe lakwal, lokacin ɗaurin hatsi. A wasu ƙauyuka yara sukan zo su iske aji babu mushe. Wani ya koma birni yana tsaron shago. Wani ya sayi babur yana kabu-kabu. Waɗanda suka rage ma, da yawa suna lissafi cikin zuciyarsu. Lissafin nan kashi uku ne.

Na fari, kuɗi. Malaman lakwal iri biyu ne. Akwai cikakkun ma'aikatan gomnati, masu albashi da kuɗin ritaya. Akwai kuma ƴan kwantiragi. A shekara ta 1998 aka fara ɗaukar irin waɗannan malamai da sunan ƴan sa-kai, ana ba su jika 35 a wata, don a samu buɗe lakwal da yawa cikin karkara. Daga baya an ƙara kuɗin, amma bai kai na cikakken ma'aikaci ba. Wani lokaci kuma yakan makara. Mushe ya ci bashin tiyar gero wurin mai shago, ya biya kuɗin mota zuwa birni don amsar haƙƙinsa. Kafin ya komo, an ci rabi.

Na biyu, lokaci. Wasu na cewa mushe hutu gare shi, tun da ba ya aiki da damana. Amma aikinsa ba ya ƙarewa da tashin yara. Da dare yana gyaran kaye da fitila, yana shirya karatun gobe. In malamai sun yi kaɗan, shi ɗaya zai riƙe aji biyu.

Na uku, damuwa. Sau da yawa iyalinsa na nesa. Ajinsa na zana ne: iska ta shiga, ƙura ta shiga. Tun gobarar watan Nuwamba 2021 a Maraɗi, wadda ta kashe yara fiye da 20 cikin azuzuwan zana, malami ba ya shiga irin wannan aji da kwanciyar hankali.

To, in ya bar alli, ina za shi? A 2014 aka ga zinariya a Jado da Cibarakatan, cikin jihar Agadas. Samari suka yi tururuwa can. Kaɗan suka samu, da yawa suka komo hannu sake, kuma a 2017 gomnati ta rufe Jado. Kabu-kabu na kawo kuɗi kullum, amma akwai sayen mai, akwai gyara, akwai haɗari. Ranar da babur ya kwanta, tukunya ta kwanta. Kasuwanci kuwa sai da jari. Ɗan kwantiragi da ya daure yana sa ran wata rana a ɗauke shi cikakken ma'aikaci. Wanda ya tafi ya zubar da shekarun da ya tara. Ƙwai a baka ya fi kaza a akurki.

Saboda haka malamai da yawa ba su yanke shawara ba tukuna. Abu kaɗan ke sa su zamna, abu kaɗan ke sa su tafi. Albashi na hannun gomnati, amma sauran na hannun mutanen gari. Maigari ya ba mushe ɗaki mai kyau. A ara masa gona, a yi masa gayya. Kwamitin lakwal ya tara mutane a buga tubali a gina aji, a bar zana. Iyaye su riƙa aiko yara da wuri, kada a tura su kiwo ranar karatu.

In mushe ya tafi, ba nan da nan ake samun wani ba. Yaron da ya rasa shekara guda, da wuya ya komo aji. Manoma da makiyaya, ku je ku gaida mushen garinku, ku tambaye shi abin da ya rasa.