Arahar Chiang Mai Ta Wane Ce?

Idan rana ta karkata a titin Nimmanhaemin, yamma da tsohon birnin Chiang Mai na arewacin Tailan, shagunan shan gahawa sukan cika da baƙi, kowa da kwamfutarsa a gaba da abin sauraro a kunne. Lokacin ne ake buɗe ofisoshi a Turai, domin agogon Tailan yana gaban na Landan da awa shida ko bakwai, gwargwadon lokacin shekara. Wani yana rubuta manhaja, wata tana koyar da Turanci ta bidiyo, wani yana lura da kayan da yake sayarwa a Amazon. Wanda suke yi wa aikin yana wata nahiya, albashi yana shigowa da dala ko yuro, cefane kuma da baht ake yin sa, kuɗin Tailan. A kan tazarar da ke tsakanin kuɗaɗen nan biyu aka gina wannan rayuwa gaba ɗayanta.

Tunanin ya girmi sana'ar. Tun a 1997 wani injiniya ɗan Japan, Tsugio Makimoto, shi da David Manners, suka wallafa littafi suna hasashen cewa ƙananan na'urori da hanyoyin sadarwa za su kwance ma'aikaci daga turken ofis. A 2014 wani matashi ɗan Holan, Pieter Levels, ya buɗe shafin Nomad List mai jera birane bisa tsadar rayuwa da ƙarfin intanet da yanayi, kuma Chiang Mai ta daɗe tana sahun gaba a jerin. Da korona ta rufe ofisoshi a 2020, gwamnatoci suka shigo ciki: Barbados da Estoniya da Moris duk sun fito da izinin zama na musamman ga mai aiki daga nesa a cikin shekarar.

Garin ba sabo ba ne. Sarki Mangrai ya kafa shi a 1296 ya zama gidan sarautar Lanna, kuma har gobe ramin ganuwarsa yana kewaye da tsakiyar birni, kusurwa huɗu, cike da ruwa. Yana da nisan kilomita kusan 700 daga Bankok, tafiyar dare guda a jirgin ƙasa ko ɗan fiye da awa ɗaya a jirgin sama. Akwai babbar jami'a, akwai asibitoci masu kyau, wuta tsayayya ce, intanet mai sauri ce kuma mai sauƙin kuɗi. Daga Nuwamba zuwa Janairu gari yana da sanyi mai daɗi.

Mai son ya zauna da kuɗi kaɗan, dabararsa ta farko ita ce ya daina zama irin na ɗan yawon buɗe ido. Kwanan otel na dare ɗaiɗai shi ke cinye guzuri. Ɗakin haya na wata, da gado da banɗaki da na'urar sanyaya ɗaki, ana samun sa da 'yan dubban baht idan mutum ya ɗan nisanci Nimmanhaemin, ya kuma taka da ƙafarsa ya tambaya maimakon ya biya ta manhaja. Sai ya tambayi kuɗin wuta kafin ya sa hannu a takarda, domin wasu masu gidaje suna ɗora nasu farashin a kan na hukuma, kuma a Afrilu, watan da zafi ke kaiwa digiri 40, na'urar sanyi ba ta hutawa. Cikin gari ana shiga jajayen motocin a-kori-kura masu benci biyu a baya, baht 30 ga ɗan gajeren zango. Na'urar cire kuɗi tana yankar baht 220 ko fiye duk lokacin da aka sa mata katin waje, don haka cirewa kaɗan-kaɗan asara ce.

Babur shi ne tarkon. Hayarsa da araha, kuma mai ba da hayar ba lallai ya damu da lasisi ba. Amma Tailan tana cikin ƙasashen da hatsarin hanya ya fi kashe mutane, akasarin mamatan kuma masu babur ne. Tuƙi a hannun hagu ake yi. Kamfanonin inshora da yawa ba sa biyan ko sisi idan wanda ya faɗi ba shi da lasisin babur ko bai sa hular kwano ba, kuma kwana biyu a asibitin kuɗi suna iya lashe abin da aka tara a rabin shekara. Da damina kuma ga zazzaɓin dengi, wanda sauron rana ke kawowa.

Musulmi ba zai rasa abinci ba, ko da yake naman alade ya yawaita a girkin arewacin ƙasar. A ƙarni na 19 fatake Musulmi daga lardin Yunnan na ƙasar Sin suna saukowa da ayarin alfadarai ta cikin duwatsu, wasu suka zauna. Masallacinsu na Ban Haw yana nan kusa da kasuwar dare, layinsa cike da gidajen abinci na halal. Ana ma danganta fitaccen abincin garin da su, wato khao soi, taliya cikin romon kwakwa da naman kaza ko na sa, wadda ake sayar da kwanonta wajen baht 50 zuwa 70 a rumfunan unguwa.

To, a nan ya kamata a tsaya a yi lissafi. A farkon 2025 mafi ƙarancin ladan yini a cikin birnin Chiang Mai baht 380 ne. Kwanon taliyar da baƙo ke ɗauka hoto yana cewa bai kai dala biyu ba, kusan kashi ɗaya cikin shida ne na guminta ga yarinyar da ta kawo masa shi. Idan ta yi aiki kwana 26 a wata, abin da za ta karɓa bai cika baht 10,000 ba, wanda shi ne abin da baƙi da yawa ke biya na ɗaki kaɗai suna murna sun samu banza. Garin ba shi da araha ga mai shara da mai wanki da direban jar mota. Arahar ta mai albashin waje ce, kuma ƙarancin ladan waɗannan mutane ne ya samar da ita.

Ba ina cewa zuwan baƙin sharri ba ne. A 2019 Tailan ta karɓi masu yawon buɗe ido kusan miliyan 40; a 2021 ba su kai rabin miliyan ba, kuma garuruwa irin Chiang Mai sun ɗanɗana kuɗarsu. Baƙon da zai yi wata huɗu ya fi na kwana huɗu amfani ga talaka, domin kuɗinsa yana zuwa wurin mai wanki da mai kayan miya da mai gyaran babur, ba otel da kamfanin yawo kaɗai ba. Sai dai inda suka yi dandazo, haya tana tashi, mai gida yana gwammace baƙo a kan ɗalibin jami'a, shagon unguwa yana komawa gidan gahawa. Wanda bai mallaki fili ba shi ke matsawa bayan gari.

Shekaru da yawa zaman nasu ma a kan igiya yake. Da bizar yawon buɗe ido suke shigowa, wadda ba ta halatta aiki ba, idan ta kusa ƙarewa su hau mota zuwa iyakar Myanmar ko Laos, a buga musu hatimin fita da na shiga. Hukuma tana gani tana kawar da kai. A Yulin 2024 gwamnati ta fito da bizar da ake kira DTV: shekara biyar, kowace shiga mutum ya zauna kwana 180, yana kuma iya neman ƙari sau ɗaya. Kuɗinta wajen baht 10,000, amma sai ka nuna baht 500,000 a asusunka da shaidar cewa aikinka daga waje yake. Ba ta ba ka damar yi wa kamfanin Tailan aiki ba. Akwai kuma abin da masu tallata wannan rayuwa ba su cika faɗa ba: wanda ya cika kwana 180 a ƙasar cikin shekara guda ya zama mazauni a idon hukumar haraji, kuma tun daga Janairun 2024 an tsaurara ƙa'ida kan kuɗin da mazauni ya samo a waje ya shigo da shi.

Abin da ya fi tona asirin bambancin baƙo da ɗan gari shi ne hayaƙi. Daga Fabrairu zuwa Afrilu sararin Chiang Mai yana turnuƙewa kamar ranar da hazon hunturu ya yi tsanani a Kano, sai dai wannan ba ƙura ba ce, toka ce da ƙauri. Manoma a kan tuddai suna ƙona karan masara, wadda akasari ake nomawa don abincin kaji da aladu na manyan kamfanoni. Daji yana kamawa da wuta saboda fari. Iska tana ƙaro wani hayaƙin daga jihar Shan ta Myanmar da kuma Laos. Garin kuwa a cikin kwari yake, duwatsu kewaye, kuma a wannan lokaci iska mai ɗumi takan zauna a bisa mai sanyi ta danne ta, hayaƙin ya rasa mafita. Dutsen Doi Suthep da ke tsaye a kan garin yakan ɓace wa ido ɗungurungum.

Abin tsoro a cikinsa shi ne ƙwayoyin da masana ke kira PM2.5, waɗanda faɗinsu bai kai kashi ɗaya cikin ashirin na silin gashi ba. Hanci ba ya tace su. Suna wucewa har ƙarshen huhu, wasu su shiga jini, su tayar da asma, su jawo ciwon zuciya da shanyewar jiki da sankarar huhu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada matsakaicinsu a yini ya wuce maikirogiram 15 a kowace kubik mita ta iska. A munanan ranaku Chiang Mai tana ninka wannan sau goma, har takan hau saman jerin biranen duniya mafi gurɓatar iska. A Afrilun 2023 mazauna garin kusan 1,700 suka maka firaministan lokacin, Prayut Chan-o-cha, da hukumomin muhalli a kotu saboda sakaci.

Mai kwamfuta kuwa tun ƙarshen Janairu ya naɗe kayansa. Ya nufi tsibiran kudu, ko Da Nang ta Biyetnam, ko Bali, sai ruwan sama ya wanke gari ya dawo. Ba laifi ba ne mutum ya tsere da huhunsa. Amma duk wanda ke rubuta cewa Chiang Mai aljannar duniya ce ta wata tara, ya kamata ya faɗi su wa ke shaƙar sauran ukun: 'yan makaranta, tsofaffi, da manomin da ba shi da kuɗin injin da zai markaɗe karansa, ga gona a kan gangaren da tarakta ba ta hawa.

Matashin Kano ko Maraɗi da ya ƙware a rubuta manhaja zai iya tambaya ko da shi a wannan tafiya. Hangen Dala ba shiga birni ba ne. A Yulin 2024 Tailan ta yafe biza ga 'yan ƙasashe 93, su shiga su yi kwana 60. Daga Afirka akwai Afirka ta Kudu da Maroko da Moris, babu Najeriya, babu Nijar. Ɗan Najeriya sai ya nemi biza tun daga gida, da katin rigakafin shawara, da takardar wankewa daga hukumar NDLEA. Baht 500,000 ɗin nan kuma kusan dala 15,000 ne, sama da naira miliyan 20, a ƙasar da mafi ƙarancin albashinta naira 70,000 ne a wata. Ni a ganina ma, wanda ya samu aikin dala yana zaune a Zariya ya riga ya mallaki abin da Bature ke ƙetare duniya yana nema, wato samu da kuɗi mai ƙarfi da kashewa da mai rauni. Abin da ya rasa wuta ce da intanet tsayayya, kuma kuɗin tikitin Bankok ya isa ya sayi sola da batir.

Akwai wata ƙofar da ake buɗe wa 'yan Afirka da sauƙi, ita ce ya kamata iyaye su sani. Talla ce take zuwa ta Facebook ko Telegram ko WhatsApp: aikin kwamfuta a Tailan, albashi da dala, tikiti da masauki kyauta, ba a buƙatar ƙwarewa sai ɗan Turanci da saurin buga rubutu. Mota tana ɗaukar mutum a filin jirgin Bankok, ta yi ta tafiya arewa maso yamma har garin Mae Sot, a tsallaka da shi kogin Moei zuwa yankin Myawaddy na Myanmar. A can ake karɓe fasfo, a kulle shi a gidaje masu katanga da 'yan bindiga irin KK Park, a tilasta masa yaudarar mutane ta intanet da soyayyar ƙarya da jarin bogi. Wanda bai kawo adadin da aka yanka masa ba, duka ne da horon yunwa. Matafiyi na gaske da aikinsa yake zuwa, shi ya biya tikitinsa, kuma ba mai jiran sa da mota.

A Agustan 2023 ofishin kare haƙƙin ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ƙiyasta cewa aƙalla mutum 120,000 ne ke cikin wannan ƙangi a Myanmar, wasu kusan 100,000 a Kambodiya. A Fabrairun 2025, bayan an sace wani ɗan wasan fim na ƙasar Sin mai suna Wang Xing ta wannan hanya, Tailan ta yanke wuta da mai da intanet ga garuruwan iyakar. Rukunin farko da aka sako mutum 260 ne, fiye da rabinsu Habashawa, da 'yan Kenya da Yuganda a ciki. Dubbai suka biyo baya. Ƙasar Sin ta turo jirage ta kwashe nata, 'yan Afirka da yawa kuwa suka shafe makonni a sansanonin wucin gadi a bakin kogin, suna jiran ƙasashensu su samo kuɗin tikitin komawa gida.