Magen da Ke Ɓuya a Ƙarƙashin Gado: Ina Gaskiya, Ina Jita-jita?

Bayan ambaliyar ranar 10 ga Satumba, 2024, wadda ta biyo bayan ɓallewar madatsar ruwa ta Alau, gwaggona ta daɗe ba ta kwana a gidanta na Gwange a Maiduguri ba. Da ruwa ya janye aka kwashe laka, sai ga magenta ta dawo da ƙafarta, a rame, jiki duk taɓo. Amma ba yadda aka san ta ba. A da ita ce mai kwanciya kan tabarma a tsakar gida, mai goga kai a ƙafar baƙo. Yanzu ko murfin tukunya ne ya faɗi sai ta zabura ta shige ƙarƙashin gado, ba a sake ganinta sai dare ya raba.

Nan fa masu shawara suka yi caa. Wata ta ce, "Hajiya, ki rabu da ita, ba ita kaɗai ta dawo ba." Wani ya ce a aske mata gashin baki, wani ya ce a ɗaure ta a turke sai ta saba. Gwaggo ta kira ni gefe ta ce, "Ɗana, kai mai yawan karance-karance, a cikin maganganun nan wanne zan kama?" Amsar da na tattara mata ita ce nake so in raba da sauran masu mage, domin akwai gaskiya a cikin abin da ake faɗa, akwai kuma abin da ke cutar da dabba ba gaira ba dalili.

Ana cewa: magen da ke firgita ita kaɗai aljanu take gani

Abin da ake kafa hujja da shi yana da bayani a fili. Kunnen mage yana kama sautin da ke kaɗawa har kusan sau 64,000 a daƙiƙa guda, alhali na ɗan Adam iyakarsa kusan 20,000. Kukan ɓera a cikin silin, motsin ƙadangare a bayan bango, ƙarar janaretan maƙwabta, jirgin sama da bai ƙaraso ba, duk tana jin su kafin mu. In ta ƙura wa kusurwar ɗaki ido ta ruga, abin da ta ji ne mu ba mu ji ba. Hasken da idonta ke yi da dare kuwa wani shimfiɗi ne a bayan ƙwayar ido da ke maido da haske kamar madubi. Akuya da tunkiya ma suna da shi, ba wanda ya taɓa korarsu daga gida saboda haka. Baƙar mage kuma launin gashi ne kawai ya raba ta da fara.

Magen Gwaggo ta yi kwanaki a cikin ruwa da ihu da yunwa, sannan ta dawo ta tarar laka ta shafe duk ƙamshin da ta sani. Mage da hanci take gane gida. Goga kumatun da take yi a ƙafar kujera da bakin ƙofa alama take sawa cewa nan wurinta ne. Idan aka wanke alamar gaba ɗaya, ta zama baƙuwa a gidansu. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

A addini ma babu mafaka ga wannan zargi na aljanu. Hadisin Abu Ƙatada da ke cikin Muwaɗɗa ta Imam Malik ya nuna mage ba najasa ba ce, tana cikin masu kai-komo a gidajenmu. Bukhari da Muslim kuma sun ruwaito labarin matar da aka yi wa azaba saboda ta tsare mage, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abinci ba.

Ana cewa: a jawo ta daga maɓoyarta, a riƙa ɗaukarta har ta saba

Wannan ƙarya ce, kuma ita ta fi yin ɓarna domin da kyakkyawar niyya ake yin ta. Ɓuya ita ce hanyar da mage ke kwantar da hankalinta. A 2014 masu bincike a Jami'ar Utrecht da ke ƙasar Holan sun gwada haka a gidan ajiye maguna. Sun ba wasu sababbin zuwa kwali na ɓuya, wasu ba a ba su ba. Masu kwali sun nutsu cikin kwana uku, marasa kwali sai da suka kai kusan mako biyu kafin su kamo su. Magen da ta san tana da wurin gudu ita ke samun ƙarfin zuciyar fitowa.

Saboda haka kwalin taliya ko na sabulu da aka huda masa ƙofa, aka shimfiɗa tsohon zane a ciki, ya fi duk wani lallashi amfani. A ajiye shi a lungu mai inuwa da iska, musamman a watan Afrilu da zafin Maiduguri ke wuce maki 40. A sama mata wuri mai tudu kuma, kamar saman akwati ko kanta, don mage tana samun nutsuwa in tana hango ɗaki daga sama. Dokar gida ɗaya ce, yara da manya: idan tana cikin kwalinta, ba mai zura hannu.

Ana cewa: a aske gashin baki ko a ɗaure ta, ba za ta gudu ba

Aske gashin baki zalunci ne. Tushen kowane gashi cike yake da jijiyoyi, da shi take auna faɗin rami da motsin iska a cikin duhu. Wadda aka aske wa takan rikice, tsoronta ya ƙaru. Igiya a wuya kuwa tana iya shaƙe ta, kuma tana hana ta abin da ta fi bukata, wato damar ja da baya.

Amma akwai ƙwayar gaskiya a nan. Sabuwar mage, ko wadda aka yi ƙaura da ita, tana bukatar a tsare ta na ɗan lokaci, in ba haka ba za ta kama hanyar tsohon gida. Tsarewar da ta dace ita ce ɗaki guda mai shiru na kamar mako biyu, da abinci, da ruwa a wani gefe, da maɓoya, da faranti mai faɗi cike da yashi a nesa da abincin don biyan bukatarta. Yashi ba ya wuya a garin nan. Daga baya a buɗe ƙofa a bar ta ta leƙa tsakar gida da kanta, ta koma in ta so.

Ana cewa: a bar ta da yunwa don ta yi zuciya ta kama ɓera

Ƙarya ce. Farauta a jinin mage take, ƙoshi ba ya kashe ta. Kowa ya taɓa ganin magen da ta ci ta ƙoshi tana dakon ɓera a bakin rumbu. Yunwa tana sa ta sata, sata ta jawo mata duka, duka ya koya mata cewa hannun mutum abin gudu ne. Ba ta haɗa dukan da naman da ta ɗauka ɗazu, da mai dukan take haɗa shi.

Wannan magana tana da nauyi a Borno. A garin Lassa na jihar nan aka fara gano zazzaɓin Lassa a 1969, kuma ɓera ne ke yaɗa shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ajiye mage cikin matakan rage ɓera a gida, tare da rufe hatsi da tsaftar muhalli. Magen da ke kwana a ƙarƙashin gado don tsoro ba za ta yi wannan aiki ba.

Abinci shi ne babbar gadar da za a bi a kai gare ta. A ba ta a lokaci ɗaya kullum, safe da yamma. Da farko a ajiye kusa da maɓoya a fita. Bayan kwanaki a zauna nesa tana ci. Sannu a hankali a rage tazara. Ɗan kifi dafaffe da aka cire wa ƙaya ko tsokar kaza ya isa. Miya mai albasa da tafarnuwa tana lalata mata jini, madarar shanu kuma tana sa yawancin manyan maguna zawo. Da yamma a ɗaura gashin kaza a zare a ja shi a ƙasa, nesa da ita. Ranar da ta yi tsalle ta cafke, an ci rabin yaƙi.

Ana cewa: mage ba ta da amana, gida take so ba mutum ba

Bincike ya ƙaryata haka. A 2019 Kristyn Vitale da abokan aikinta a Jami'ar Jihar Oregon ta Amurka sun gano kusan kashi 65 cikin ɗari na magunan da suka gwada suna samun nutsuwa da zarar mai su ya dawo ɗaki, kamar yadda yaro ke yi in ya ga uwarsa. Zaman mage da mutum ma ba na jiya ba ne: a tsibirin Saifurus an tono kabari mai shekara kusan 9,500 da mutum da mage a binne kusa da juna.

Matsalar ita ce ba mu iya gaisuwarta ba. Ƙura mata ido barazana ce a wurinta, haka ma tsayawa a kanta. A zauna ƙasa, a ba ta gefe, a yi magana a hankali. In ido ya haɗu, a lumshe shi sannu a buɗe. Masu bincike a Jami'ar Sussex ta Ingila sun nuna a 2020 cewa maguna sun fi kusantar mutumin da ya yi musu haka, ko da baƙo ne. A miƙa yatsa ɗaya a jira. In ta shinshina ta goga kumatu, a shafa kai da gefen fuska kaɗan a tsaya. In ta kwantar da kunnuwa, ko jela ta shiga kaɗawa da ƙarfi, ta ce ya isa.

Ana cewa: wadda ta girma da tsoro ba ta canzawa

Rabi gaskiya ne. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Tsakanin mako 2 zuwa 7 da haihuwa ne 'ya'yan mage ke koyon yarda da mutum, kuma wani bincike na Sandra McCune a 1995 ya nuna halin muzurun da ya haife su ma yana tasiri. Wadda aka haifa a kango ko bayan shagunan Kasuwar Monday, ba ta taɓa jin hannun mutum ba, da wuya ta zama mai hawa cinya. Duk da haka tana iya kaiwa ga cin abinci a gabanka da barci a fili, kuma wannan nasara ce. Wadda ta taɓa sabo kuwa, irin ta Gwaggo, hanyar dawowarta a buɗe take.

Ana cewa: a ba ta ƙwaya ta kwantar mata da hankali

Kada a kuskura. Farasitamol, ko da ɓari ne, yana iya kashe mage, domin hantarta ba ta iya sarrafa shi. Haka nan kada a fesa fiya-fiya a ɗakin da take ɓuya, kada a bar maganin ɓera inda za ta kai.

Abin da yake gaskiya shi ne ɓuya wani lokaci alamar ciwo ce, don mage gwana ce wajen ɓoye rashin lafiya. In mai sakin jiki ta koma ɓuya kwatsam ba wani dalili, ko ta yi kwana biyu ba ta ci ba, ko muzuru yana ta yunƙurin fitsari ba ya fita, a garzaya wurin likitan dabbobi. Jami'ar Maiduguri tana da asibitin koyarwa na dabbobi. A can za a iya yi mata rigakafin ciwon haukan kare, wanda mage ma tana ɗauka. In tsoro ya sa ta ciji wani ko ta yakushe shi, a wanke wurin da sabulu da ruwa na minti 15, a tafi asibiti a ranar.

Gwaggo ta sa kwali a bayan ƙofar ɗakinta, ta hana jikoki leƙe, ta riƙa ajiye kifi bayan sallar asuba da bayan magariba. Makon farko da dare kawai ake ganin kwanon ya zama wayam. Daga baya magen ta fara ci Gwaggo na zaune tana jan carbi. Sanyin hunturu ya shigo kafin wata safiya ta fito tsakar gida, ta zaga, ta goga kumatunta a ƙafar sabuwar kujerar da aka saya bayan ruwa, sannan ta kwanta a bakin tabarma. Gwaggo ba ta miƙa hannu ba. Ta dube ni ta ce, "Ka gani, ɗana? Mu ma da muka dawo gidan nan, ai ba rana ɗaya muka iya barci ba."